TAMBAYA DA AMSA: Wai gas ɗin kashin shanu ma yana fashewa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni uku na ɗauko wannan makon kuma duk a kan wuta suke, na farkon ne ya fi tsayar mani da rai shi ya sa zan daɗe a kansa.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya, ya aiki ya iyali. Ni mai kiwo ne a nan Daura ta hanyar Mai'aduwa. Bara yarona da ya gama poli ya haɗa mani abin nan na gas da kashin shanu, rami ne aka gina da bulo sai babban duro na ƙarfe a kife a bisa, Alhamdulillahi maiɗakina ta huta da sayen itace. To yanzu duron ya ci tsatsa ya ɓule gefe guda, na ce zan kira mai walda ya liƙe shi nan inda yake, yaron ya ce kar in kuskura. Ni kuwa na ga kashin shanu ne fa ba fetur ba, kuma tun shekaranjiya murhun ko kamawa bai yi, alamar babu komai ciki kenan. Shin ba tsoron 'yan boko ba ne kawai?

AMSA: Alhaji, Allah Ya yi wa yaron nan albarka, don Allah ka ji maganarsa, kuma in ka riga ka aika wa mai waldar to ka bi shi da waya ka ce ya dakata.

Abin da ke fitowa daga ramin nan sunansa bayogas, kuma kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari nasa metan ne, wato gas ɗin da ke kamawa da wuta, sauran yawanci iskar kabon ce da ɗan wani gas mai warin baragurbi. Wuta ba ta tambayar daga ina gas ya fito Alhaji, ko daga rijiyar mai a Fatakwal ko daga garkenka, abu ɗaya ne. Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne inda ka ce murhu bai kama ba don haka babu komai ciki, wallahi nan ne mutane ke halaka. Metan ba ya fashewa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Lokacin da duronka ke cike tam gas ɗin ya yi yawa, babu iskar da wuta za ta ci a ciki, shi ya sa yake ci lafiya lau a bakin murhu kawai. Yanzu da ya ɓule gas ya ragu iska ta samu hanyar shiga, ma'ana abin da ke ciki yau ya fi na bara haɗari nesa ba kusa ba, ya kasa kunna murhu amma tartsatsin walda ɗaya ya ishe shi ya ɗaga duron sama da mai waldar gaba ɗaya. Kuma metan bai kai iska nauyi ba, sama yake yi, duron kuwa a kife yake kamar ƙwarya, to ina zai fita? Ga ɓawon kashin da ya manne a jikin ƙarfen ta ciki yana ci gaba da fitar da nasa a hankali ko an daina zuba sabo.

Abin yi shi ne a daina zuba kashi, a kwance tiyon, a samu majiya ƙarfi su cire duron gaba ɗaya daga kan ramin ba tare da ana buga shi da guduma ko ana jan sa a kan dutse ba, a kai shi fili nesa da ramin da nesa da madafi, a juya bakinsa sama, a kankare cikinsa a wanke tas, a bar shi ya sha iska. In za a yi waldar a cika shi da ruwa har kusa da inda za a liƙe. Ni dai da nawa ne ma, in ɓular ƙarama ce gam ɗin ƙarfe zan sa in huta da wuta, in kuma tsatsar ta ci shi sosai to sabon duro ya fi araha a kan rai, kuma a shafa masa fenti ko kwalta duk shekara don gas ɗin mai wari shi ke cinye ƙarfen.

Sai maganar ramin kansa, don na san da zarar an ɗage duro za a ce bari a tura wani yaro ya sauka ya kwashe abin da ya daskare a ƙasa. Kar a yi. Gas ɗin nan mai warin baragurbi guba ne, ya fi iska nauyi don haka ƙasan rami yake kwanciya, kuma mugun halinsa shi ne in ya yi yawa sai ya kashe hancin mutum, ka daina jin warin ka ɗauka ya wuce alhali lokacin ne ya fi yawa. A 2005 a wani ƙauye na ƙasar Jamus mai suna Rhadereistedt mutum huɗu ya kashe a masana'antar bayogas, ba wuta ba fashewa, numfashi kawai. Mu ma nan ai mun sha jin labarin wanda ya shiga masai ko tsohuwar rijiya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ceto shi ma ya faɗi, na uku ma haka. In wani ya faɗi a irin wannan rami ba a binsa haka kawai, a kira 'yan kwana-kwana ko a buga 112. Kuma dabarar nan ta masu haƙar rijiya ta zura fitila da igiya a ga ko za ta mutu, a rijiyar ruwa tana da ma'ana, a ramin gas kuwa kai ka kai masa ashana da hannunka.

Na taɓa zuwa wata gona a bayan garin Katsina duba irin wannan, mai gonar yana ta rantsuwa babu inda ke yoyo, na ce a kawo mani ruwan omo a kofi da tsumma. Muna shafawa a mahaɗar tiyo sai ga kumfa tana tashi ɓul-ɓul kamar yara na wasa, kuma tiyon ta cikin ɗakin da mai gadi ke kwana ya bi, tagar a toshe da buhu saboda sanyi, ga ɗan risho a gefen katifa. Lissafin ba wuya, ɗaki mai mita 3 tsawo 3 faɗi 3 tsayi, bayogas da bai kai kubik mita 3 ba ya isa ya kai shi ma'aunin fashewa, kuma rami irin na gida yana iya ba da hakan cikin yini ɗaya ko biyu. Don haka ruwan omo shi ne gwajin yoyo, ba ashana ba, kuma in an shiga ɗaki aka ji warin kar a taɓa makunnin lantarki ko a kunna ko a kashe, a buɗe ƙofa da taga a rufe bawul daga waje.

In an mayar da duron, gas ɗin farko da zai taru a sake shi ya tafi a fili sau ɗaya ko biyu kafin a gwada murhu saboda akwai iska a gauraye da shi. In yaron ya sa matacin soson ƙarfe a kan layin don rage wari, ranar da za a canza shi a jiƙa tsohon da ruwa a baza a ƙasa a fili, yana iya ɗaukar zafi da kansa in ya sha iska. Damina kuma in ta zo a tuna duron ƙarfe ne a tsaye a fili, a Oktoban 2023 tsawa ta faɗa wa tankin bayogas kusa da Oxford a Ingila ya tashi da wuta har daga nesa ana hango hasken, to in babu abin kare tsawa a gidan a tambayi mai aikin lantarki.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗaliba ce ni daga Kofar Marusa, ni da ƙawayena biyu muna so mu fara haɗa dizal daga tsohon man da masu tuyar ƙosai da awara ke zubarwa, mun gani a YouTube kuma mun gwada kaɗan ya yi. Yayana ya ba mu shagonsa da ba ya amfani da shi. An ce dizal ɗin man girki ba ya kama wuta da sauƙi, gaskiya ne?

AMSA: Ƙanwata sannunku da ƙoƙari, abin ya burge ni. Gaskiya ne amma rabin gaskiyar aka faɗa muku. Dizal ɗin da aka gama aka wanke sai ya haura digiri 100 kafin tururinsa ya kama wuta, ya fi fetur sauƙin sha'ani sosai. Matsalar tana wajen metanol ɗin da kuke haɗawa da soda, wato farin sinadarin nan dangin sipirit, shi tun daga digiri 11 ko 12 tururinsa ke kamawa, yana tafasa a wajen 65, ku kuma kuna ɗumama man zuwa 55 ko 60, sannan ki haɗa da zafin Katsina na watan Afrilu a cikin shago mai rufin kwano da ƙofa ɗaya. Shagon nan dai ban yarda da shi ba, ku nemi rumfa a fili wadda iska ke ratsawa ta kowane gefe.

Wutar metanol da rana kusan ba a ganinta, shuɗi-shuɗi ce babu hayaƙi, mutum sai dai ya ji zafi a ƙafarsa ko ya ga roba na narkewa. In kuna zargin ya zube ya kama, doguwar tsintsiya za ki miƙa gaba, in bakinta ya kama kin san inda wutar take. Kar ku ɗora tukunya a kan gas ko gawayi da metanol a kusa, a ɗumama man tukuna a kashe wutar ɗungurungum sannan a kawo haɗin, kuma abin markaɗen kicin da na ga wasu na amfani da shi a bidiyo yana tartsatsi a cikin injinsa. Da hunturu kin san yadda mayafi ke ƙara yana ɗan jan mutum in an cire shi, wannan ɗan tartsatsin ma ya isa, don haka a zuba a hankali ba daga sama ana tsiyayawa ba, kuma a sa kayan auduga.

Abin da kusan kowa ke mantawa tsumma ne. Tsumman da ya sha man girki ko dizal ɗin in aka dunƙule shi aka jefa a kwana yana iya yin zafi da kansa har ya kama cikin dare babu kowa. A shanya su ɗaya-ɗaya a waje ko a jefa a bokitin ƙarfe mai ruwa da murfi. Baƙin ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashin dizal ɗin bayan an haɗa ma akwai sauran metanol a cikinsa, ba na zubawa a kwata ba ne. Ku sayi tukunyar kashe gobara ta hoda ku ajiye bakin ƙofa, ba can ƙurya ba inda sai kin ratsa wuta kafin ki ɗauko, da bokitin yashi. Kumfar kashe wuta ta gama-gari metanol narkar da ita yake, akwai wadda aka yi musamman dominsa. Mai in ya kama kuma ba a watsa masa ruwa.

Kuma don Allah kar a zuba metanol a gorar ruwa ko ta lemo, fari ne tas kamar ruwa, kaɗan ya isa ya makantar da mutum ko ya kashe shi, har ta fata yana shiga. Safar hannu da gilashin ido dole ne saboda sodar. Wanda ya ƙone a sa wurin a ruwa mai sanyi na minti 20 sannan asibiti, ban da ƙwai ban da makilin ban da manja. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da cibiyar binciken makamashi mai sabuntawa, ku je ku nemi wani malami ya duba tsarinku kafin ku ƙara yawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina aiki a inda ake curin gawayi daga ɓuntun shinkafa da garin katako a nan Katsina. Oga ya hana mu shan sigari ko a bakin ƙofa, har ya kori wani. Ba takura ba ce?

AMSA: Ba takura ba ce ɗan'uwa, ogan naku ya san abin da yake yi. Garin katako a tsibe ci yake a hankali, amma in ya tashi ya cika iska a rufaffen wuri fashewa yake kamar gas, kuma fashewar farko ita ke kaɗo ƙurar da ta kwanta a kan rodi da silin ta biyun ta fi muni. A 2008 ƙurar sukari kawai ta tashi wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka mutu. Ku riƙa share saman katako da kan injina, ba ƙasa kaɗai ba, a yayyafa ruwa kafin shara kuma kar a hure ƙurar da iskar kwamfuresa. Gawayin da ya fito daga wuta a bar shi ya huce sosai a baje a fili kafin a ɗura a buhu, in ka tura hannu cikin tsibi ka ji ɗumi to a baza shi tun kafin a tashi aiki. Sigarin kuma ka tsallaka titi.

Mai tambaya kan batirin sola da ke kumbura, na ga saƙonka, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, amma kafin nan ka cire shi daga caji ka fitar da shi daga ɗakin kwana.