Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan tallafa wa mai bishara a Nijar

Salama 'yar'uwa. Tambayarki ta taɓa ni, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba. Kin ce ku 'yan Zumuntar Mata kun ɗauki alkawarin riƙe wani mai bishara da iyalinsa a Nijar, kina so ki sani ko ku tura kuɗin ta ofishin mishan ko ku ba mai tafiya ya kai masa hannu da hannu, kuma wasu matan sun fara ja da baya saboda tsadar rayuwa. Ni ƙanena ne yake aikin bishara a can wajen Maradi, shi da matarsa da yara, don haka ba labari aka ba ni ba.

Na roƙe ku da girman Allah, kada ku ba mai tafiya.

Lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, hanyar tura kuɗi ta banki ma ta toshe, hankalinmu ya tashi. Sai wani mutum da muke sujada tare, mai kawo kaya kasuwar Mile 12 ta nan Legas daga arewa, ya ce shi ya san hanya ta wajen Jibiya, a ba shi kawai. Mutum ne da yake zama a layin gaba, in ana waƙa muryarsa ta fi ta kowa. Muka tara abin da za mu iya. Mata masu suyar awara da ƙosai a Agege, masu gadi da albashinsu bai kai ya kawo ba, kowa ya kawo nasa. Wata tsohuwa a gabana ta kwance bakin zaninta ta zazzage duk abin da ke ciki, har da tsofaffin naira hamsin-hamsin da suka yi laushi, ta ce a saya wa yaran sabulu. Muka haɗa da magunguna da kayan yara cikin jakar Ghana-must-go, muka ɗora masa hannu muka yi addu'a, muka raka shi har mota.

Shiru, shiru. In an kira shi ya ce yana hanya, gobe ya ce jami'ai sun tare kayan, daga baya wayar ma ta daina shiga. Da ya dawo Legas sai ya dubi idona ya ce ai ya ba wani yaro ya ƙarasa da saƙon, kuma ya isa. Na yarda. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanena bai kira ya yi godiya ba, sai mata suka fara ƙananan maganganu, wai 'yan mishan ɗin yanzu ba su san alheri ba, wai ana tura musu suna ci suna ƙoshi. Ni ma raina ya ɓaci da shi. Ashe a wannan daminar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da autarsu har tana suma, ya sayar da babur ɗin da yake shiga ƙauyuka da shi, ya kai ta asibitin mishan na Galmi. Bai gaya mini ba don yana ganin mu ma muna fama da namu a nan. Ranar da na samu matarsa a waya na ce, to ko sannu babu a kan saƙon da muka aiko? Ta ce, "Yaya, wane saƙo?" A bakin titi nake, na durƙusa na yi ta kuka, masu danfo suna ta yi mini hon. Yarinyar ta tashi, mun gode wa Ubangiji. Amma mutumin nan har yau bai ce a yi haƙuri ba, ya dai koma wata majami'a. Na gan shi a wani biki da sabuwar shadda, ya ɗaga mini hannu kamar babu abin da ya faru. Kuɗin tsohuwar nan nake tunawa. Ku sa ni a addu'a, don yafewar nan tana yi mini wuya.

Saboda haka ku bi ta ofishin da ya aike shi. In ɗan EMS ne, wato ƙungiyar mishan ta ekklesiyar ECWA, su da suke wannan aiki tun 1948, ku bi ta can, in CAPRO ce ko wata ƙungiyar mishan irinta, haka. Wani lokaci yakan ɗan jima kafin ya isa, amma akwai rasit, akwai wanda za ku tambaya. Kuma ko ta ina kuka tura, ku kira shi ku faɗa masa nawa ne da ranar da kuka tura, kada ku zauna jiran godiya.

Batun masu ja da baya kuwa, kada ki ga laifinsu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye mutum a garin nan. Ku zauna ku rage alkawarin zuwa abin da zai fita kowane wata ba fashi, ku gaya masa gaskiya. Ranar mishan mutane sukan tashi su ambaci manyan kuɗi, a tafa musu, shi kuma bawan Allah ya sa yara a makaranta bisa wannan maganar, wata biyu a daina. Alkawari kaya ne. Ku kuma tuna shi sefa yake kashewa. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta faɗi har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka abin da kuka saba turawa in ya canza shi bai kai na da ba, ko da yake ba zai buɗe baki ya faɗa muku ba.

Ni kam in na bi ta wajen tashar jiragen ruwa nakan tuna nan Legas turawan mishan uku, Bingham da Gowans da Kent, suka sauka a Disamban 1893, a 1894 biyu suka mutu da ciwo, Bingham kaɗai ya rage. Da mutanen gida sun yi watsi da aikin a lokacin, da wa zai kawo wa kakanninmu bishara? Bulus ma ai 'yan Filibi ne suka riƙa aika masa da taimako yana Tasalonika. Yanzu mu ne mutanen gidan.

Ku tambaye shi abin da yake bukata kafin ku sayi komai. Sau da yawa man babur ne, ko kuɗin makarantar yara, ko ƙaramin sola don cajin waya. Kuma don Allah matar, matar! Kowa fasto yake tambaya, ita ce ke ɗebo ruwa, ita ce ke jinya, ita ce ba ta da ko mutum ɗaya nata a garin. Ku naɗa mace ɗaya cikinku ta riƙa kiranta su yi hira kawai, ku ware mata ɗan abinta daban, ko atamfa ce lokacin Kirsimeti.

Wani abu kuma, kada ku sa hotunan sababbin masu bi ko sunan ƙauyen a Facebook don a ga kuna aiki. Kun san an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. Mu muna nan Legas, su ne za su kwana a can.

Ba ki faɗa ba ko yaran suna tare da su ko sun bar su makaranta a Najeriya. In a gida suke, ku nemi inda suke ku riƙa leƙa su, don wannan ne yake hana iyayen barci fiye da kuɗin.