Amsa kan na'urar hasken fuska ta IPL, ga mai tambaya da sauran 'yan zaure

[An rubuto daga muryar da wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta turo, don waɗanda ba su samu damar saurare ba]

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da dare, ya gida, ya yara, ya zafin Kaduna? Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, don maganar ba ta gajartuwa.

Ƙanwata da kika yi tambaya ɗazu da rana, na saurare ki. Kin ce shekara da shekaru fuskarki ba ta zauna lafiya ba, kuraje su fito su koma, kumatu na yi miki zafi da raɗaɗi in kin shiga rana ko kin tsaya gaban murhu, ga baƙin tabo ya kwanta a ƙasan ido. Kin ce an kwatanta miki wani wurin gyaran jiki a nan cikin gari da suka kawo na'urar IPL, wai zama 4 fuska ta washe, kuma kina so ki yi kafin biki. Amsata ita ce, don Allah kada ki kwanta ƙarƙashin na'urar nan tukuna. Bari in faɗa miki dalili.

Ita na'urar ba ƙarya ba ce, wannan a sani. Tun 1995 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wato NAFDAC ɗinsu, ta amince da ita, kuma da farko ƙananan jijiyoyin jinin da ke bayyana a ƙafa aka yi ta dominsu. Mutane suna ce mata leza, amma ba leza ba ce. Leza kalar haske guda ɗaya take harbawa. Ita kuwa fitila ce mai ƙarfi da ke walƙa haske mai kaloli da yawa a haɗe, sai a sa mata gilashin tacewa a rage wanda ba a so. Ana shafa miki wani ruwa mai kauri mai sanyi, a rufe miki ido, a ɗora kanta a kan fata, ta walƙa. Duk zaman minti 20 zuwa 30 ne, ana yi sau 3 zuwa 5, tsakanin kowane zama sati 3 ko 4.

To ga inda gizo ke saƙa. Hasken nan abu mai kala yake nema ya shiga, in ya shiga ya koma zafi, zafin ya ƙona abin. Abubuwa biyu ne suke shanye shi sosai: jan jini da ke cikin jijiya, da kuma melanin, wato sinadarin da Allah Ya sa mana a fata wanda ya mai da mu baƙaƙe. Ga Baturiya, fatarta ba ta da melanin mai yawa, sai hasken ya ratsa ya wuce, ya je ya sami jijiyar ko ɗigon tabon, ya ƙona shi shi kaɗai. Mu kuwa fuskar gaba ɗaya melanin ce. Kin san yadda baƙin hijabi yake shan rana a watan Afrilu, fari kuma bai sha haka ba? To haka fatarmu take yi da wannan hasken, tun daga sama take shanye shi kafin ya isa inda aka aike shi. Daga nan sai ƙuna, sai salewa, wata ma har bororo. In ya warke ya bar baƙin da ya fi na da, ko kuma ya bar fari, wanda shi ne mafi wuyar gyara. Wani lokaci ma sai ki ga shatin kan na'urar a jere a kumatu, mai kusurwa huɗu-huɗu. Wannan ba sai an yi rashin sa'a ba, sanannen abu ne a wurin likitocin fata.

Akwai wani ma'aunin kalar fata mai gida 6 da suke amfani da shi, daga mafi fari zuwa mafi duhu, na wani likita a Amurka mai suna Thomas Fitzpatrick. A 1975 ya fara shi, kuma fararen fata kawai aka yi wa shi da farko, sai daga baya aka ƙara gida na 5 da na 6 don a shigar da mu. IPL ta fi dacewa da gida na 1 zuwa na 3. Na 4 sai da taka-tsantsan. Na 5 da na 6, inda galibinmu muke, baƙa da wankan tarwaɗa, yawanci ba a ba da shawarar a yi. Hatta ƙananan na'urorin cire gashi da ake sayarwa a intanet, in kika duba takardar cikin kwalin za ki ga jadawalin kalar fata, su kansu masu kamfanin sun ce ban da mai duhun fata sosai. Wasunsu ma in suka karanta fatar suka ga ta yi duhu, ƙin walƙawa suke yi.

Na san wata za ta ce ai ni fara ce. 'Yar'uwa, in farin na Allah ne, wannan daban, likita zai duba ki ya faɗa miki. Amma in farin mai ne, wallahi kin fi baƙar shiga haɗari. Ƙwayoyin da ke yin melanin suna nan daram, danne su kawai aka yi, ga fatar kuma ta yi siriri. Zafi na taɓa su za su farka.

Yauwa, wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a maganarki, ƙanwata. Kin ambaci cewa akwai wani haɗi da kike shafawa, in kin shafa fuskar ta lafa, in kin bari kwana biyu ta tashi. Wannan ita ce alamar da muke tsoro. Da yawa daga cikin mayukan nan na haɗi, da 'yan tub-tub ɗin da ake matsawa a cikin man shafawa, akwai isteroyid mai ƙarfi a ciki, kulobetasol ko betametason. Magunguna ne na gaske, amma na ɗan lokaci ne, kuma ba a yi su don fuska ba. In aka daɗe ana shafawa sai fata ta yi laushi ta yi siriri, jijiyoyi su fito raɗau, kuraje su feso, gashi ma ya tsiro, fuska ta riƙa zafi. Ga kuma haidurokwinon, sinadarin sa fata haske, wanda in an daɗe a kansa yake haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, wanda yake da wuyar fita ƙwarai. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan waɗannan abubuwa da kuma sinadarin makuri. Ba ina faɗa don in kunyata kowa ba ne, Allah Ya sani. Mata da yawa ba bilicin suka nufa ba, maganin kuraje aka ba su a shago, shi ke nan fata ta saba. To in wannan ne tushen, ko sau 20 aka haska ki ba za a warke ba, tunda abin da ke kawo ciwon yana kan madubinki kina shafawa kullum. Kuma kada ki ji maganata ki yanke shi dare ɗaya, fuskar za ta iya tashi sosai. Likita ne zai janye ki a hankali, ya ba ki abin da zai riƙe ki.

Sannan abin da kika kwatanta zai iya zama cuta fiye da ɗaya. Akwai rozeshiya, wadda ake yawan yi wa IPL a ƙasashen Turawa, kuma tana taimaka musu wajen rage jan fuska da jijiyoyi. Mu ma muna yin ta, sai dai ja ba ya nunawa a fatarmu, shi ya sa ake yawan ɗaukarta a matsayin kuraje. Alamarta zafi da raɗaɗi, kuma rana da yaji da shayi mai zafi suna tayar da ita. Ko a wurin Turawan, hasken ba ya kashe ta, lafar da ita yake yi, ana komawa lokaci-lokaci. Kuma akwai magungunanta na shafawa da na sha, irin su metronidazol, da azelayik asid, da dokzisaikilin, waɗanda ba ruwansu da kalar fatarki. Akwai melasma, baƙin nan da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi lokacin ciki ko bayan haihuwa ko in ana shan maganin tazara. Ita wannan zafi ne abokin gabarta, sau da yawa in an haska ta sai ta ɗan yi sauƙi ta dawo da ƙarfi.

Wadda nake so ku riƙe da kyau ita ce lufus. Cuta ce ta garkuwar jiki, ta fi kama mata, kuma ta fi yawa a cikin baƙar fata. Tana iya fitowa a kumatu da karan hanci, haske kuma shi ke tayar da ita. In akwai ciwon gaɓoɓi, ko zubewar gashi, ko yawan gajiya da zazzaɓi tare da abin fuskar, ba wurin gyaran jiki za a nufa ba, asibiti za a je a yi gwajin jini, don tana taɓa ƙoda. Mai riƙe da na'ura da ta koyi danna maɓalli ba za ta iya rarrabe waɗannan ba, ba kuma laifinta ba ne, ba aikinta ba ne.

Mai ciki ba ta yin IPL. Wadda jikinta ke yin tabo mai tudu, irin wanda ke tashi bayan hujin kunne, ta yi nesa. Wadda take shan aisotiretinoyin na kuraje, ko wani magani mai sa fata ta kasa jure rana, dole likita ya sani.

Wata ta tambaya a ƙasa, shin ke nan babu wata na'ura da ta dace da mu? Akwai. Lezar da ake ce wa Endi-Yag, mai lamba 1064, ta fi aminci ga baƙar fata, saboda melanin ba ya shanye ta sosai, tana wucewa can ƙasa. Amma ita ma a hannun wanda bai sani ba tana ƙonawa. Duk inda za a taɓa fuskarki da haske, ki tambaya wace na'ura ce, wa zai yi miki, likita ne ko kuwa, kuma ya saba yi wa masu kalarki? Ki ce a nuna miki hotunan baƙaƙen mata da aka yi wa, ba na Larabawa da Turawan da aka kwafo daga Instagram ba. A fara gwadawa a ɗan wuri kusa da kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi, a jira, don a fatarmu baƙin ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki kwanaki har makonni. Kuma ido a rufe shi da marufin da aka yi don haka, ba auduga ba, hasken nan yana lahanta ido. Duk wanda ya ce miki babu buƙatar gwaji, ɗauki jakarki.

Maganar biki kuma, ƙanwata, ita ce ta fi sa ni cewa ki dakata. Zama 4 da tazarar sati 3 ko 4 yana ɗaukar wajen wata 2 zuwa 3. In aka sami ƙuna, baƙin da zai biyo baya yakan yi watanni kafin ya dushe. Ba a gwada sabon abu a fuska ana saura 'yan makonni. Har dilka da halawa da kurkur, in mai gyaran jiki ta zo, ki ce ta tsallake fuskar tunda a fusace take.

Abin da za ki fara daga gobe ba shi da tsada. Sabulu mai laushi, ban da goge fuska da soso, ban da lemon tsami da su toka. Man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, kullum da safe, e, har mu baƙaƙe, don rana ce ke ƙara wa tabo duhu. Sannan ki je asibitin koyarwa, ko Barau Dikko a nan cikin gari ko Shika a Zariya, ki yanki kati, ki ce likitan fata kike son a tura ki wurinsa. In idonki yana yi miki ƙaiƙayi ko yana bushewa, ki faɗa masa, rozeshiya tana taɓa ido, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a wajen Mando in ta kama. Ranar zuwa kada ki sa hoda. Ki tattara duk abin da kike shafawa a leda, da kwalayensu, har haɗin da ba shi da suna, ki ajiye masa a kan tebur, ki faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina shafawa. In kin dawo ki taɓa ni ta gefe mu ji me ya ce. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa a yi biki lafiya. Sai da safenku.