Alhakin Nijar ne ta tare baƙin haure?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Nijar ce ya kamata ta hana 'yan Najeriya da sauran baƙi ratsa ƙasarta zuwa Libiya da Turai. A ganina tana da nata kason, amma ba ita kaɗai ba.

An ma taɓa ɗora mata nauyin kacokan. A 2015, bisa matsin lambar Tarayyar Turai, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa dokar da ta haramta safarar baƙin haure. Aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motocinsu. Tafiya kuwa ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar hanyar Dirku, garin da ke kan hanyar Libiya, da kowa ya sani, suka riƙa kauce wa rijiyoyi don gudun sojoji, idan mota ta lalace a tsakiyar hamadar Tenere sai ƙishirwa ta kashe mutane, ba mai ceto. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ga shi a lokacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Nijar ba biza har kwana 90, to da wace hujja za a tare shi a Agadas? A Nuwamban 2023 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tiani, ya soke dokar ta 2015.

Iyakar Najeriya da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, ba ƙasar da za ta iya tsare ta ita kaɗai. Kuma masu yaudarar 'yan mata daga Edo a gida Najeriya suke ƙulla cinikinsu, su biyo ta Kano su fita. Kama su aikin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ne da hukumar shige da fice, tun kafin motar ta isa Damagaram.