Wace Waya Zan Saya Wa Mahaifina Da Ya Rasa Gani?

Tambaya: Malam, hawan jinin ido ya tafi da ganin Babanmu bara. Yana son kiran ƴan uwa da sauraron karatu a WhatsApp. Wayar shafa zan saya masa ko mai madannai?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Kafin ki je kasuwa, ki duba yatsunsa. Idan yana da ciwon suga kuma kan yatsun ya fara mutuwa, ko hannunsa na rawa, mai madannai ta fi masa. A kan lamba 5 akwai ɗan ƙullutu, daga nan yatsa ke gane sauran lambobin. Sai dai ƙananan wayoyin nan yawancinsu ba su da WhatsApp, kuma ba sa karanta masa sunan mai kira. Akwai BlindShell, wadda wani kamfanin ƙasar Cek ke yi musamman don makafi, mai madannai kuma mai magana, amma tana da tsada, samunta da gyaranta a nan wahala ne.

Idan yatsunsa lafiya lau, ni wayar shafa nake ba da shawara, ko da mutane za su ce makaho ba zai iya da gilashi ba. Yana iyawa. A Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver tun 2009, manhajoji ne da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar waya da murya. In an kunna, taɓa abu sau ɗaya ba ya buɗe shi, wayar ce za ta faɗi sunansa. Ya shafa dama ya ji na gaba, in ya isa wanda yake so ya ƙwanƙwasa sau biyu a ko'ina a fuskar wayar. Ba sai ya nemi inda abin yake ba. Kuma saƙon murya ya ɗauke masa wahalar rubutu.

Kar ki sayi mafi arha. Wayar da ba ta da ƙarfi takan yi jinkiri kafin ta yi magana, wannan jinkirin shi ke sa dattijo ya ajiye ta. A shagon, ki kunna TalkBack, ki rufe idonki, ki gwada kiran lamba ɗaya.

Makon farko zai yi fushi da ita. Ki rage saurin muryar, ki bar manhajoji kaɗan a gaba, ki zauna kusa da shi ba tare da kin karɓe wayar daga hannunsa ba. Idan akwai makaho mai amfani da TalkBack a unguwarku, shi zai fi kowa koya masa.