Fatawa: Shin ya halatta jami'in tsaro ya harbi masu zanga-zanga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni jami'in tsaro ne a nan cikin Katsina. Idan aka tura mu tare masu zanga-zanga suka ƙi watsewa, wasu suka fara jifa, oga ya ce a buɗe wuta, mene ne hukuncina in na harba aka mutu? Abokan aikina na cewa alhakin yana wuyan wanda ya ba da oda.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba a kai ga ranar ba.

Asali a shari'a, jinin mutum haramun ne. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 33, kada a kashe ran da ya haramta sai da haƙƙi. Hadisin Ibnu Mas'ud na Buhari da Muslim ya taƙaita abin da ke halatta jinin Musulmi a abu uku, fita kan titi da kwali ana kukan tsadar masara ba ya cikinsu. Ukun ma alƙali ne ke yanke su bayan shaidu, ba mai riƙe da bindiga a shataletale ba. Wanda ba Musulmi ba da ake zaman amana da shi, shi ma jininsa a kare yake.

Na san za a ce malamai da yawa sun hana zanga-zanga. Gaskiya ne, kuma ni kaina ba na zuga matasa su fita, don mun ga yadda ta kasance a watan Agustan 2024: ɓata-gari suka shiga, aka wawashe kayan mutane, har aka sa dokar hana fita a jiharmu. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Arewa a lokacin, 'yan sanda suka musa. To amma haramcin aiki daban, halaccin jinin mai aikin daban. Mai shan giya ya yi haramun, wa ya ce a harbe shi?

Masu halatta harbin da hujjar babin bugatu, wato masu tawaye, su koma su karanta shi da kyau. A wajen malamanmu na Malikiyya bugatu ƙungiya ce da ta saɓa wa shugaba da ƙarfi, don ta hana wani haƙƙi ko ta tuɓe shi, kuma shugaba adali ne aka ba damar yaƙarsu bayan ya kira su. Ayar Suratul Hujurati da ta yi maganar yaƙar masu tawaye ma da sulhu ta fara. Dubi Sayyadina Aliyu da Hawarijawa, mutanen da suka kafirta shi a bainar jama'a. Ya ce ba zai hana su masallaci ba, ba zai hana su rabonsu na ganima ba, ba kuma zai fara yaƙarsu ba. Bai taɓa su ba sai da suka yanka Abdullahi, ɗan sahabin Annabi Habbab. A yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya hana a bi wanda ya gudu, ya hana a ƙarasa mai rauni. Masu takubba ke nan fa, ina ga yaron da ya yar da silifas ya ruga cikin lungu? Harbin mai gudu a baya ba shi da wata mafaka a fiƙihu.

Inda shari'a ta buɗe ƙofa shi ne tunkuɗe mai kawo farmaki. Idan wani takamaimai ya tunkaro ka da bindiga ko adda, ko ya kwara fetur zai cinna wa gida wuta da mutane a ciki, ka gargaɗe shi bai ji ba, kuma ka tabbata babu abin da zai tsayar da shi sai harsashi, babu laifi a kanka. Malikiyya sun yarda da haka ko a kan kare dukiya, amma da wancan sharaɗin, a fara da mafi sauƙi. Ku kuwa an ba ku lasifika da garkuwa da kulki da barkonon tsohuwa. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya ɗana bindiga bai cika sharaɗi ba. Jifa da dutse daga nesa kana sanye da hular kwano ba ta kai ba. Wanda ya saɓi buhun shinkafa yana gudu ɓarawo ne, a kama shi a kai shi kotu. Harbi cikin taro don mutum ɗaya ya yi jifa haramun ne, domin harsashi zai iya samun mai tallar gyaɗa ko almajirin da ya tsaya kallo. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, da ya ambaci kwantar da tarzoma, shi ma ya ɗaure amfani da ƙarfi da gwargwadon larura.

Maganar abokan aikinka kuma kuskure ce mai hatsari. Wani kwamanda ya taɓa hura wuta ya ce wa sahabban da ke ƙarƙashinsa su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce da sun shiga da ba su fita ba, biyayya a cikin abin kirki kawai take. Malamai sun haɗu a kan cewa ko tilasta ka aka yi da barazanar kisa, bai halatta ka kashe wani don ka tsira ba, balle tsoron kora ko rage maka igiya. Mazhabar Malik ta tsananta a nan: wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duka ana yi musu ƙisasi. Saboda haka in aka ba ka irin wannan oda a kan mutanen da ba su ɗauke da makami, wajibi ne ka ƙi, cikin ladabi, ko da aikin zai tafi.

Idan kuwa an riga an yi, in kuskure ne na gaskiya akwai diyya ga iyalan mamaci, dinare 1,000 ko kimarsa, kai kuma ka yi kaffarar azumin wata biyu a jere. In da gangan ne, magada ke da haƙƙin ƙisasi ko yafiya ta hannun kotu, ba su ɗauki fansa da kansu ba. Hukuma wajibi ne ta yi bincike ta miƙa gawa ga danginta, kai ma in aka kira ka shaida haramun ne ka ɓoye abin da idonka ya gani.

Wallahu a'alam.