Ɗan majalisarmu yana magana a Abuja, me ya sa ba mu gani a ƙasa ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke kudancin Jihar Katsina. Wanda ke wakiltar mu a Majalisar Wakilai ba ya cikin masu ɗumama kujera, domin mun sha ganin bidiyonsa a Facebook yana miƙewa a zauren majalisa yana magana a kan hare-haren 'yan bindiga, da lalacewar makarantu, da kuɗin raya karkara. Amma har yau ajin da nake koyarwa a ciki iska ta yaye rabin rufinsa, kuma manomanmu ba sa iya zuwa gonakin da ke nesa da gari. Shin wannan magana tasa tana da wani amfani? Kuma kuɗin mazaɓa da ake cewa ana ba shi duk shekara, ina suke shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar da ɗan majalisa ke yi a zaure ba iri ɗaya ba ce, kuma yawancin abin da magoya baya ke yankowa su watsa a waya shi ne mafi ƙarancin nauyi a cikinta. Idan aka kai hari wani ƙauye, ɗan majalisar yankin yakan nemi izinin Kakaki ya gabatar da ƙudirin gaggawa. Zai karanto abin da ya faru, 'yan uwansa biyu ko uku su mara masa baya, a miƙe a yi shiru na minti ɗaya domin waɗanda suka rasu, sannan a yanke cewa majalisa tana kira ga hafsoshin tsaro su ƙara jami'ai, hukumar NEMA kuma ta kai kayan agaji. Kakaki ya buga guduma, a wuce zuwa batu na gaba. Irin wannan matsaya shawara ce kawai, ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa komai, kuma ana iya karɓar takardarta a ma'aikata a ajiye ba tare da an saɓa wa doka ba.

Abin da ke da ƙarfi shi ne ƙudirin doka, wanda sai ya tsallake karatu uku, ya bi ta hannun kwamiti, Majalisar Wakilai mai mutum 360 da Majalisar Dattawa mai mutum 109 su amince da shi, sannan Shugaban Ƙasa ya sa hannu. Idan ya ƙi, sai kashi biyu bisa uku na kowane zaure sun sake amincewa, kamar yadda aka yi a shekarar 2000 lokacin da majalisa ta kafa hukumar raya yankin Neja Delta ba da sa hannun Obasanjo ba. Ta wannan doguwar hanya aka samu Hukumar Raya Yankin Arewa maso Yamma, wadda Sanata Barau Jibrin ya ɗauki nauyin ƙudirinta, Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a watan Yulin 2024. Don haka idan kana son auna ɗan majalisarku, ka tambayi ƙudirin doka nawa ya gabatar, nawa suka wuce karatu na biyu, kuma a wane kwamiti yake zama.

Batun kuɗin mazaɓa shi ne inda aka fi ruɗa jama'a, kuma a nan zan ɗan daɗe. A ƙa'ida ba a damƙa wa ɗan majalisa waɗannan kuɗi a hannu. Shekaru da dama ana ware naira biliyan 100 a kasafin kuɗin tarayya domin ayyukan mazaɓu, a raba tsakanin mutum 469 ɗin nan, kuma rabon ba daidai wa daida ba ne, domin shugabannin majalisa sukan fi samun kaso mai tsoka. Abin da ɗan majalisa ke yi shi ne ya zaɓi aikin, ya zaɓi garin, ya kuma zaɓi ma'aikata ko hukumar da za a saka aikin a ƙarƙashinta, ita kuma hukumar ce ke ba da kwangila ta biya ɗan kwangila. A wannan zaɓi na uku ne ɓarna ke shiga. Idan mutum ya buɗe littafin kasafin kuɗi zai tarar da ginin azuzuwa a wani ƙauyen Arewa an saka shi ƙarƙashin wata cibiyar binciken noma ko kwalejin da ke wata jiha mai nisa, wadda ba ta da injiniya a kusa, ba ta kuma da hurumin gina makaranta. Ana yin haka ne sau da yawa domin a samu hukumar da za ta karɓi ɗan kwangilar da aka turo mata ba tare da musu ba. Haka kuma an fi karkata ga abin da ake kira tallafi, wato rabon kekunan ɗinki da babura da injinan markaɗe, saboda gini ana iya zuwa a auna shi, amma babu mai iya ƙirga babur ɗin da aka ce an raba shekara biyu da suka wuce.

Ba zargin 'yan adawa ba ne kawai. A 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an ware kimanin naira tiriliyan 1 ga ayyukan mazaɓu cikin shekara 10 amma da wuya a ga tasirinsu, kuma a wannan shekarar ce hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa ta fara bin diddigin waɗannan ayyuka jiha-jiha, har ta tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin aikin da suka yasar. Masu sauraron rediyo kuma za su tuna abin da ya faru a watan Maris na 2024, lokacin da Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya yi hira da Sashen Hausa na BBC ya yi zargin cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar Dattawa ta musanta, ta kuma dakatar da shi na wata uku. Ko me mutum zai ce game da lissafinsa, wannan rikici ya nuna wa jama'a cewa ayyukan da ake cusawa a kasafin kuɗi sun zarce biliyan 100 ɗin da aka saba ambata nesa ba kusa ba.

Game da ajinka kuwa, Malam, gaskiyar da 'yan siyasa ba sa faɗa a lokacin yaƙin neman zaɓe ita ce makarantar firamare ba ta hannun ɗan majalisar tarayya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, amma jiha ba ta samun kasonta na gine-gine sai ta zuba nata kuɗin daidai da abin da za a ba ta, shi ya sa biliyoyin naira kan kwanta a Abuja shekara da shekaru alhali yara na zaune a ƙasa. Gyaran rufi da kujeru aikin SUBEB ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, albashinku kuma daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Wannan kaso shi ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye maimakon a bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da shi, duk da cewa aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Iyakar abin da ɗan majalisarku zai iya shi ne ya saka makarantarku cikin ayyukan mazaɓarsa, ko ya yi amfani da kwamiti ya matsa wa UBEC lamba. A ganina, idan ya kwashe shekaru yana kukan lalacewar makarantu a zaure amma kasonsa ya tafi ga babura, to wannan kaɗai ya isa a yi masa tambaya a bainar jama'a.

A kan tsaro hannunsa ya fi gajarta. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, sojoji kuma suna ƙarƙashin Shugaban Ƙasa, don haka ɗan majalisa ba zai iya tura ko kurtu ɗaya zuwa garinku ba. Dakarun sa-kai da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar a Katsina a 2023, da Askarawan Zamfara da suka biyo baya a farkon 2024, duk na jihohi ne. Amma sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon gayyato kowane jami'i ya yi bayanin yadda aka kashe kuɗin da aka ware masa, kuma majalisa ce ke amincewa da kasafin tsaro, ita ce kuma ke da wuƙa da nama wajen fara gyaran kundin tsarin mulki idan ana son 'yan sandan jihohi. Matsayinsa a kan waɗannan ya kamata ku nema ku sani.

Shawarata ita ce ku haɗu da kwamitin kula da makarantarku da ƙungiyar iyaye da malamai, ku nemi jerin ayyukan mazaɓarku na bana da na bara, wanda ke cikin dokar kasafin kuɗi da Ofishin Kasafi na Tarayya ke sakawa a intanet, ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin kuɗi ma tana bin su ta shirinta na Tracka. Ku rubuta sunan kowane aiki, da kuɗinsa, da hukumar da aka saka shi a ƙarƙashinta, sannan ku je wurin ku duba da idonku. Wanda aka biya kuɗinsa ba a yi ba, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin ICPC, tare da hotuna da sa hannun mai unguwa. Batun rufin ajinku kuma ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, ku aika wa ɗan majalisar jiha kwafi, domin shi ne ke zama a zauren da ake amincewa da kasafin SUBEB.