Ga ƙanena mai son karatun maganin nukiliya: batun jan ƙarfe

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da su Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso. Ka ce ka kammala digirin kimiyyar sinadarai, ka yi karatu a kan jan ƙarfe mai fitar da radiyeshan da ake amfani da shi wajen ɗaukar hoton ciwon daji da kuma gasa shi, kana tambaya ko fanni ne da ya cancanci ka baro gida ka zo Amurka dominsa. Ya cancanta, amma ina so ka san me za ka tarar.

Jan ƙarfe iri biyu ne ake maganarsu a wannan aiki, Cu-64 da Cu-67. Na farkon a saikulotiron ake samar da shi, wato injin da ke ƙara wa ƙananan ƙwayoyin furoton gudu, a harba su a kan ƙarfen nikel-64. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan awa 12.7, kuma wannan adadi shi ne dukan darajarsa. Galiyom-68 da shi ma ake ɗaukar hoton PET da shi, wato hoton da ke nuna inda maganin mai radiyeshan ya taru a jiki, minti 68 kacal yake yi ya rabe. Idan ka ɗauko shi ka yi tafiyar awa 6 a mota, abin da zai rage bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Cu-64 kuwa sama da kashi 70 zai isa. Shi ya sa ake haɗa maganin a wuri ɗaya, a sa shi a tukunyar dalma, a aika asibitoci masu nisa su yi wa maras lafiya allura washegari. A 2020 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da Detectnet, wato Cu-64 da aka ɗaura wa dotatate, sinadarin da ke kai shi jikin ƙari, don gano wani nau'in ƙari da ke yawan fitowa a hanji da fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Asibitin Rigshospitalet na Kwapanhagan ne ya fara gwada shi a jikin mutane.

Cu-67 shi ne na gashi. Yana kai kusan awa 62 kafin ya rabe, yana fitar da ƙwayoyin beta masu kashe ƙwayoyin ciwon dajin da ke kusa da su. Da yake su biyun sinadari ɗaya ne, jiki ba ya bambance su: ka ɗauki hoto da Cu-64 ka ga inda maganin ya sauka, sannan ka bi da Cu-67 ya sauka a nan ɗin. Sai dai kada wani ya ruɗe ka. Cu-67 yana matakin gwaji ne, samar da shi daga zinki yana da wuya da tsada, kuma wani sinadarin gashi mai suna lutetiyom-177 ne ke riƙe da asibitoci a yanzu.

Inda kai za ka yi amfani shi ne nan. Jan ƙarfe ba ya son zama inda aka ɗaure shi. Idan mariƙin sinadarin da ya kama shi bai yi ƙarfi ba, sai ya suɓuce a cikin jini, hanta ta kwashe shi, hoton ya fito hanta tana ta haske, ga radiyeshan ya tafi inda ba a aike shi ba. Shekaru masu yawa masana a Jami'ar Washington da ke St. Louis da wasu a Ostireliya suka yi suna ƙera mariƙan da za su ƙulle shi gam, kuma aikin bai ƙare ba. Wannan aikin mai ilimin sinadarai ne tsantsa. Ka koma ka riƙe darasin yadda ƙarafa ke haɗuwa da sauran sinadarai da kyau, don a kansa za a tambaye ka.

Ranar aiki kuwa ba irin ta ofis ba ce. Tun kafin asuba ake shiga, saboda agogo ba ya jiran kowa. Kana tsaye gaban akwatin dalma mai tagar gilashi mai kauri, kana ɗaukar 'yar kwalba da hannayen ƙarfe, ga ma'aunin radiyeshan a ƙirjinka, ga wani kamar zobe a yatsa. Mai gaggawa ba ya daɗewa a wannan sana'a.

Kafin ka nemi gurbi, ka rubuta wa malamin da kake so, ka tambaye shi ko suna da saikulotiron ko saya suke yi, da kuma wa zai biya kuɗin makaranta da na zama. A Amurka digirin digirgir a wannan fanni galibi jami'a ke ɗaukar nauyinsa, don haka kada Baba ya sayar da gona.

Tun kana gida ka je cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke Zariya, inda injin nukiliya na bincike yake aiki tun 2004, ka nemi su karɓe ka ko na 'yan watanni. Ka kuma leƙa sashen maganin nukiliya na asibitin koyarwa na Ibadan ko Asibitin Ƙasa na Abuja ka ga yadda ake aiki da teknetiyom-99m, wani sinadarin ɗaukar hoto mai radiyeshan, don shi za ka fi samu idan ka dawo. Ka turo mini takardar sakamakonka in duba. Ka gaishe mini da Inna.